Hawa Daban, Dacewa Daban: Zaɓen Kan Injin Tsohuwar Mota

  

Yau maganar kai za mu yi. Kan injin mota, wanda a gareji ake kira tof silinda. Ga tambayar. Mutum ya sauke tsohon inji zai sake gina shi. Ya buɗe, ya tarar kan ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko kuwa an sha goge fuskarsa har ya sirance. Dole a sa wani. To, wanne zai ɗora? Irin na asali zai nema? Ko na wata shekara daban, tunda ya fi araha? Ko kuwa ya daure ya sayi sabo fil na alminiyam, mai ɗaukar ido?

Don kada mu yi magana a iska, za mu riƙe mota guda har ƙarshen shirin. Sunanta MGB. Ƙaramar mota ce ta gudu da gayu, mai kujera biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera ta, daga 1962 zuwa 1980. Idan aka haɗa da 'yar'uwarta mai rufin ƙarfe, an yi sama da rabin miliyan, kuma kaso mafi tsoka Amurka aka kai. Har gobe akwai masu sake gina injinta a waɗannan ƙasashe, wasu a gareji, wasu a bayan gida.

Me ya sa na zaɓe ta? Saboda a cikin shekara 18 ɗin nan kamfanin ya sha sauya kan injin. Ya sauya faɗin bawul. Ya sauya zurfin kwarmin kan. Ya ƙara huji, ya matsar da hanyar baƙin mai. Amma ramukan ƙusoshi suna nan inda suke. Kan 1965 zai hau injin 1978 ya zauna daram. Na 1978 ma zai hau injin 1965. Nan tarkon yake. Hawa daban, dacewa daban. Ku riƙe wannan magana, za mu yi ta dawowa kanta.

Wani zai ce ina ruwanmu da motar Turawa ta shaƙatawa. Malam, dakata. Lissafin da za ka ji yau shi ne dai lissafin kowane injin fetur da aka buɗe kansa.

To, kashi na farko. Mene ne aikin kan?

Injin MGB silinda huɗu gare shi, girmansa si-si 1798. Jikin injin baƙin ƙarfe ne na zubi, kan ma haka. Kan shi ne murfin silindodin. A ƙasansa, daidai saman kowane fistin, akwai wani kwarmi. A cikin wannan kwarmin fistin ke matse iska da fetur, fulogi ya kunna wuta. Akwai bawul biyu a kowane kwarmi, ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Akwai hanyoyin da iskar ke bi, akwai kuma hanyoyin ruwa masu sanyaya shi. Kenan abu uku kan yake yankewa. Yawan iskar da inji zai shaƙa. Ƙarfin matsin da za a yi mata. Da yadda zafi zai fita.

Kan MGB yana da wata ƙira da ya kamata ku sani. Silinda huɗu ne, amma hanyar shigar iska biyu ce kawai. Na ɗaya da na biyu suna tarayya a hanya guda, na uku da na huɗu ma haka. Kamar maƙwabta biyu ne da ke jan ruwa a bututun famfo ɗaya. Wannan bai gama cika bokitinsa ba, wancan ya buɗe nasa famfon, ruwan ya ragu. Haka silindodin suke yi wa juna, domin jerin tashin wutarsu ɗaya, uku, huɗu, biyu ne. Uku na gama shaƙa, huɗu ya fara. Biyu na gamawa, ɗaya ya fara. Hanyar fitar hayaƙi kuma uku ce. Na biyu da na uku sun haɗu a ta tsakiya. Bawul biyu masu zafi suna dab da juna a wurin, shi ya sa tsakiyar kan ta fi ko'ina zafi. Ku ajiye wannan ma a zuciya, zai yi mana amfani idan mun zo kasuwa.

Kashi na biyu ke nan, kuma shi ne gishirin shirin. Maganar matsi, wato kwamfureshan.

Idan an raba si-si 1798 gida huɗu, kowane silinda ya tashi da kusan si-si 450. Wannan shi ne abin da fistin ke shara daga ƙasa zuwa sama. Idan ya kai ƙololuwa, akwai ɗan wurin da ya rage. Wurin nan abu huɗu ne suka haɗa shi. Kwarmin kan. Ɗan ramin da ke saman fistin. Kaurin gaskit. Da 'yar tazarar da ke tsakanin fistin da bakin silinda. A injin farko-farko, idan an tara su duka, ana samun wajen si-si 58.

Yanzu mai biro ya ɗauka. Ka haɗa 450 da 58, ka sami 508. Ka raba 508 da 58. Amsa, kusan 8.8. Ma'ana, an matse iskar sau takwas da ɗigo takwas. Kuma haka kamfanin ya rubuta a littafin motar, 8.8. A kan wannan matsi, da kafireto biyu ƙirar SU, injin ke ba da ƙarfin doki 95.

Daga ƙarshen 1971 aka fito da sabon jerin injin, wanda lambarsa ke farawa da 18V. A wannan jeri an rage kwarmin kan. A da wajen si-si 43 ne, ya koma wajen 39. Bambancin si-si huɗu kacal, ƙasa da cikin cokalin shayi. An kuma sauya fistin don su dace da shi. Motocin da aka kai Amurka an ba su fistin mai rami mai zurfi, wajen si-si 16, don a sauke matsi zuwa 8.0 saboda dokokin hayaƙi na can. Na Ingila kuma suka tsaya a 9.0.

To, ga mai gyara ya zo. Injinsa na farko-farko ne, mai fistin marar zurfin rami. Ya samu kan 18V da araha, ya ɗora. Ya hau lafiya. Amma 58 ɗin nan ya koma 54. A sake lissafi. 504 a raba da 54, ya ba da 9.3. Matsi ya tashi daga 8.8 zuwa 9.3, ba tare da ya yi niyya ba.

Ga kuma wani. Nasa injin na Amurka ne, mai fistin mai zurfin rami. Wurin da ya rage masa wajen si-si 64 ne. Ya ɗora tsohon kai mai babban kwarmi, ya koma 68. 518 a raba da 68, ya ba da 7.6. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya. Amma ba ta da kuzari, tana shan mai, tana nishi a hawa. Mai ita zai yi ta zargin kafireto, ya yi ta sauya fulogi, alhali ciwon yana ƙarƙashin kai.

Kun ji? Dukansu biyu kan ya hau. Ɗaya matsi ya yi yawa, ɗaya ya yi kaɗan. Hawa daban, dacewa daban.

Wani zai ce ai matsi mai yawa alheri ne, tunda ƙarfi ke ƙaruwa. Gaskiya ne, amma da iyaka. Iyakar kuwa fetur ne ke sa ta. Kowane fetur yana da ƙarfin jure matsi, abin da ake kira lambar oktan. Idan matsi ya fi ƙarfin fetur, ragowar cakuɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Direba zai ji wata siririyar ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, musamman idan ya taka totur a babban giya yana hawa tudu. Wannan ƙara duka ce ake yi wa saman fistin. In aka daɗe a haka, ringi ya karye, gaskit ya ƙone, ko fistin ya huje. Zafin gari kuma ƙara mata ƙarfi yake. Matsin da inji zai jure a sanyin Ingila ba lallai ya jure shi a zafin bazara ba.

Kamfanin MG da kansa ya taɓa ɗanɗana wannan. A 1958 ya fito da yayar MGB, wato MGA Twin Cam. An yi mata kan alminiyam mai kyan gaske, da kamshaf biyu a sama, aka kai matsi 9.9. Ƙarfinta ya kai doki 108, abin alfahari a lokacin. Sai dai injin ba ya yafiya. Fetur ya ɗan gaza, ko saitin wuta ya ɗan kauce, sai fistin ya ƙone. Motoci suka yi ta komawa wurin dillalai. Daga baya aka sauke matsin zuwa 8.3, amma suna ya riga ya ɓaci. A 1960 aka daina ƙera ta, bayan an yi guda 2,111 kawai. Kan ba shi da laifi a ƙira. Ya dai fi ƙarfin man da mutane ke zubawa da irin kulawar da suke yi.

Saboda haka kafin ka ɗora kowane kai, ka auna. Kuma aunin ba ya bukatar wata babbar na'ura. Ka sami sirinjin allura babba, irin mai rubutun mil a jiki. Mil ɗaya daidai yake da si-si ɗaya. Ka sami falle na roba mai garai-garai, ka huda shi wuri guda. Ka kifa kan, fuskarsa na kallon sama, bawul a rufe, fulogi a ɗaure. Ka shafa giris siriri a gefen kwarmin, ka manna robar. Sai ka riƙa ɗura kananzir ta hujin, kana ƙirgawa, har kwarmin ya cika ba kumfar iska. Abin da ya shiga shi ne girman kwarmin. Ka yi wa duka huɗun. Idan ɗaya ya bambanta da sauran da fiye da si-si guda, a daidaita su. Haka za ka auna ramin saman fistin.

Me ya sa ba za ka dogara da lambar da ke jikin kan kawai ba? Saboda kan da ya shekara hamsin ya bi ta hannaye da yawa. Duk lokacin da aka goge fuskarsa a na'ura don a miƙar da shi, kwarmin raguwa yake. Lambar tana gaya maka yadda aka haife shi. Sirinji ne zai gaya maka yadda yake yau.

 Mun gama da lissafin matsi. Kashi na uku, mu shiga kasuwa.

A kudancin Ingila akwai wani wuri, Beaulieu, inda duk shekara ake cin babbar kasuwar tsofaffin kayan mota. Wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba zai ji baƙunta ba. Ƙarafa a ƙasa, mai kaya a tsaye, ciniki ya kaure. Kuma maganar mai kaya iri ɗaya ce ko'ina. Ka ce, maigida, wannan kan lafiya yake? Ya ce lafiya lau, daga jikin mota mai tafiya aka cire shi. Ka ce zai hau tawa? Ya ce zai hau mana. Bai yi maka ƙarya ba. Zai hau.

Abu na farko, karanta lambar zubi. Tana saman kan, inda murfin roka ke rufewa. Misali, 12H1326 tsohon kai ne mai babban kwarmi. 12H2709 na jerin 18V ne, mai ƙaramin kwarmi da babban bawul na shigar iska. 12H2923 ɗan'uwansa ne da aka yi wa Amurka. Waɗanda aka kai Amurka daga 1968 za ka gane su da huji huɗu a gefen fulogi. Ta nan ake hura iska cikin hanyar hayaƙi don a rage gurɓata. Ana iya toshe su da ƙusa, ba abin tsoro ba ne.

Abu na biyu, kuma shi ne babba, tsaga. Ku tuna tsakiyar kan da muka ce ta fi zafi. To, kan MGB ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa a nan, tsakanin silinda na biyu da na uku. Wani lokaci tsagar a waje take, wajen fulogi, za ka ga sawun tsatsa inda ruwa ke tsattsafowa. Wani lokaci a ciki take, a mazaunin bawul na hayaƙi. Ido ba ya isa. Ƙura da baƙin mai suna ɓoye tsaga mai kaurin gashi. A wanke kan tas, a kai shi wurin masu gwaji. Akwai gwajin maganaɗisu, inda ake barbaɗa garin ƙarfe ya taru a bakin tsagar. Wannan a baƙin ƙarfe kawai yake aiki. Akwai gwajin jan ruwa mai shiga tsaga, wanda ke yi har a alminiyam. Akwai kuma gwajin matsi, a toshe hanyoyin ruwa, a hura iska, a tsoma kan cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa.

Shawarata, ka yi sharaɗi da mai kaya tun kafin kuɗi ya bar hannunka. In gwaji ya nuna tsaga, kaya ya dawo. Kuma kada ka kashe ko kwabo wajen gyaran kan da ba a gwada ba. Walda a baƙin ƙarfe na zubi aiki ne mai wuya, a wurin da ya fi ko'ina zafi kuwa ba kasafai take daɗewa ba.

Sauran dubawar ba su da tsawo. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, ka zura fila geji a ƙarƙashi, ka ga ko ya lanƙwashe. Ka auna kaurinsa ka gwada da na littafi. Ka girgiza bawul a cikin bututun da yake hawa da sauka, wato gayid. In yana rawa, bututun ya ci.

Kashi na huɗu. Mazaunin bawul da tarihin fetur.

A 1921, wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur yana hana waccan ƙarar ƙyas-ƙyas. Aka shekara da shekaru ana zuba shi. Ya kuma zo da wata garaɓasa. Dalmar tana barin wani siririn shafi a mazaunin bawul na hayaƙi, yana kare shi. Don haka masu ƙera kan baƙin ƙarfe, irin na MGB, ba su damu da sa wani mazauni na musamman ba. A jikin ƙarfen kan suke yanka shi kai tsaye.

Amma dalma guba ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa illa. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010. Amurka ta hana fetur mai dalma ga motoci a 1996. Birtaniya ta bi a 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Wannan alheri ne, ba wanda ke son ya dawo.

To, me ke faruwa da tsohon kai a fetur na yau? Bawul na hayaƙi yana yin jawur don zafi. Duk rufewar da ya yi, yana ɗan mannewa da mazauninsa, ya fizge ɗan ƙarfe. Sau dubbai a minti guda. A hankali mazaunin ya lotsa, bawul ya nutse cikin kan. Alamar da makanike zai gani ita ce, tazarar saitin bawul tana ta rufewa. Ka saita yau, bayan ɗan lokaci ka tarar ta matse. In ta rufe gaba ɗaya, bawul ba zai zauna ba, sai ya ƙone. Motar da ke yawon cikin gari a hankali za ta iya daɗewa ba ta nuna ba. Mai doguwar tafiya da gudu, ita ce ke saurin kamuwa.

Maganin sananne ne. A yanke wurin, a dasa zobe na ƙarfe mai tauri a mazaunin bawul huɗu na hayaƙi. Tunda kan yana ƙasa, yanzu ne lokacin yi. Idan mai kaya ya ce an riga an sa, kada ka karɓa da baki. Ka cire bawul ɗaya, ka goge wurin, za ka ga layin zoben da idonka. Kan alminiyam kuwa dama da zobensa yake zuwa, domin alminiyam ya yi laushi da bawul zai zauna a kansa. Haka kan Fijo 504 yake, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975.

Kashi na biyar. Babban bawul, babbar hanya, da kan alminiyam. A nan kuɗi ke zurarewa.

Masu MGB suna rububin kan 1972 zuwa 1974 saboda babban bawul. Nawa ne girman? Na da inci 1.56, wannan inci 1.625. Bambancin bai kai milimita biyu ba. Yana taimakawa, musamman idan inji na juyi da sauri. Amma lafiyayyen kai mai ƙaramin bawul ya fi mai babban bawul da ke da tsaga, nesa ba kusa ba. Kuma ku lura, a 1975 motocin Amurka sun koma kafireto ɗaya tal, ƙarfinsu ya faɗi ƙasa da doki 70. Wanda ke da irin wannan, ya ɗora kai mai tsada ya bar kafireto ɗaya da matsattsen manifol, bai yi komai ba. Iskar tun a ƙofa aka shaƙe ta.

Akwai kuma masu ɗaukar injin gurza su faɗaɗa hanyar iska, wai don inji ya shaƙa da yawa. A yi hattara. Inji yana bukatar iska mai yawa, yana kuma bukatar ta shigo da gudu. Gudun ne ke riƙe fetur a gauraye, shi ne kuma ke ci gaba da cusa iska cikin silinda a ƙarshen shaƙa. Idan hanya ta yi faɗi da yawa, iskar sai ta yi sanyin jiki lokacin da inji ke juyi a hankali. Motar ta rasa ƙarfin tashi. Mai tsere a fili ba ruwansa, kullum totur a ƙasa yake. Kai kuwa mai bin titi, a tsakanin juyi dubu biyu da dubu huɗu kake rayuwa. Ribar gaskiya tana dab da bawul, a maƙogwaron hanyar da yankan mazauni. Nan gwanaye ke aiki, kuma kaɗan suke cirewa. Mai gurza da garaje yana iya ɓullawa cikin hanyar ruwa, shi ke nan kan ya tashi aiki.

Sai alminiyam. Iri biyu ne. Akwai wanda aka kwaikwayi na asali sak, hanya biyar a gefe guda. Akwai kuma wanda iska ke shiga ta gefe ɗaya, hayaƙi ya fita ta ɗaya gefen, kowane silinda da hanyar shigarsa. Irin wannan na biyu tun ƙarshen shekarun 1950 ake yin sa, sanannensa shi ne HRG Derrington. Yana raba rigimar tarayyar nan da muka faɗa, kuma yana ƙara ƙarfi sosai. Sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. Sabon manifol, sauyin kafireto, sauyin wayar totur, ga cunkoso a gefen distiributa. Kuɗin kan somin taɓi ne.

Na farkon fa? Ya fi baƙin ƙarfe sauƙin nauyi ƙwarai. Yana fitar da zafi da sauri, don haka yana jure ɗan ƙarin matsi. Kuma sabo ne, ba tsohuwar tsaga. Amma kasancewarsa alminiyam kawai ba ya ƙara ƙarfi. Yana kuma da sharuɗɗansa. Zafi na buɗa shi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka gaskit da saitin bawul sai an bi umarnin maƙerinsa. Zaren ramin fulogi yana saurin cinyewa a hannun mai ƙarfi. In lagireto ya tafasa sau ɗaya da kyau, yana iya lanƙwashewa. Kuma ba ya son ruwan rijiya zalla. Alminiyam da baƙin ƙarfe a cikin ruwa ɗaya, ba maganin tsatsa, alminiyam ne ke cinyewa. Duk wanda ya buɗe kan tsohuwar 504 ya ga yadda hanyoyin ruwa suka zaizaye, ya san abin da nake nufi.

In ka tambaye ni, motar da za a hau a titi, zan ɗauki lafiyayyen kan baƙin ƙarfe. Wanda aka gwada ba tsaga, aka sa masa zobe da sabon gayid, aka auna kwarminsa ya dace da fistin da man da ake samu. Ragowar kuɗin a kai su lagireto da kafireto. Alminiyam sai in an rasa lafiyayyen na asali, ko kuma motar ta tsere ce.

Kashi na ƙarshe, ƙananan tarkuna guda biyu da ranar ɗaurawa.

Tarko na farko, hanyar baƙin mai. Mai yana hawowa daga jikin injin, ya bi ta wani huji a bayan kan, ya shiga ƙafar roka ta ƙarshe, daga nan ya watsu. A kawunan ƙarshe-ƙarshe an matsar da wannan huji. In ka ɗora tsohuwar ƙafar roka a kansu, hujin biyu ba za su haɗu ba. Roka za su yi aiki a bushe. Inji zai tashi lafiya, ba ƙara, ba alama, sai bayan an ci ƙarfe. Kafin ka ɗaure, ka kifa ƙafar ka gwada hujinta da na kan. Bayan an tayar da inji kuma, ka buɗe murfi ka ga mai na fitowa da idonka.

Tarko na biyu. Tunda kwarmin kan 18V bai kai na da zurfi ba, bawul na hayaƙi yana saukowa kusa da bakin silinda. Shi ya sa kamfanin ya yanke wani ɗan gurbi a bakin kowane silinda na injin 18V. Tsohon jikin inji ba shi da wannan gurbi. In ka haɗa sabon kai da tsohon jiki, musamman in an goge kan ko an sa kamshaf mai ɗaga bawul sosai, bawul na iya dukan jikin injin. Ka manna ɗan yumɓu ko ƙullin roba a wurin, ka ɗora kan, ka juya inji da hannu, ka cire ka ga sawun da bawul ya bari. In tazarar ba ta isa ba, a yanke gurbin. Kun ga, nan ma kan ya hau. Hawa daban, dacewa daban.

Ranar ɗaurawa, fuska biyu su zama tas, ba mai, ba ragowar tsohon gaskit. Noti 11 ne ke riƙe kan MGB. A fara daga tsakiya, a riƙa zagayawa ana fita waje, a hawa-hawa, kada a ƙure noti ɗaya lokaci guda. A yi da sifana mai ma'auni. Littafin motar ya ce 45 zuwa 50 a ma'aunin Ingila. Yaran gareji, ku ji ni da kyau, ƙarfin damtse da dogon bututu ba ma'auni ba ne. Bayan motar ta yi 'yar tafiya gaskit ya kwanta, a sake bin notin idan irin gaskit ɗin na bukata. Duk lokacin da aka taɓa notin kai kuma, a sake saita bawul. A tsofaffin injinan, tazarar inci 0.015 ce, inji a sanyaye.

Lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata.